Rakiyar Ƙanena Likita Zuwa Garwa

Tafiyar nan ta ba ni wahala, kuma duk wanda ya ce muku shan iska na je yi, ƙarya yake. Kwana takwas shagon waldata yana rufe. Na dawo da ciwon baya, da ƙafa a naɗe, da dokar abinci wadda ba za ta sake ni ba sai ranar da aka kai ni. Tun da na dawo, duk wanda ya biyo ta unguwarmu Kagarawal a nan Gombe sai ya tsaya ya ce Buba, ba mu labarin Kamaru. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta. Bokona a aji biyar na firamare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Dakta Sa'idu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu ni na bar makaranta na kama walda, shi ya ci gaba har ya zama likita. Ba gori nake yi ba, don a gane abin da ya tayar da ni ne. Shekara biyu ke nan ba na zuwa gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure ba a ja ni gefe ba. Sai a ce ƙanen nan naka ba ya amsa gaisuwa, ba ya ɗaga kai ya dubi mutum, kana faɗa masa ciwonka yana danna kwamfuta. Ni ma na ɗauka girman kai ne ya kama shi, na daina zuwa gidansa a Tumfure.

Sista Rifkatu ce ta warware min. 'Yar Kaltungo ce, nas ce a asibitin da yake aiki, ta zo in yi mata ƙofar gida. Tana zaɓen ƙarfe ta ce ashe ban san Dakta ya kai takardar ajiye aiki ba. Ta ce tun safe yake kan layin marasa lafiya har la'asar, kuma kowane mutum ɗaya sai ya rubuta shi sau uku: a fayil, a kwamfuta, da takardar inshorar lafiya. In layin sadarwa ya yanke, abin da ya rubuta ya tafi, sai ya sake. Likitoci biyu da suke tare sun bar ƙasar, aikinsu ya dawo kansa. Shugaban asibitin bai karɓi takardar ba, ya ba shi sati biyu ya je ya yi tunani. Shi kuwa ya ce ya gama tunani, kiwon kaji zai yi.

A ranar na hau keke napep har Tumfure da niyyar in zage shi. Na same shi zaune a tsakar gida, ya yi baƙi, idanunsa sun faɗa. Na fara faɗan, ya bar ni sai da na kai aya.

"Hamma," ya ce, don haka ake kiran yaya a gidanmu, "in aka buɗe ƙofar ofishina, ba mutum nake gani ya shigo ba. Takarda uku nake gani. Wanda ya kai nan bai kamata ya ƙara taɓa ɗan kowa ba."

Na fasa zagin. Matarsa ce ta gaya min wani abokinsa Dakta Yerima, ɗan Garwa ta ƙasar Kamaru da suka yi karatu tare, yana ta kiransa ya je ya huta, ya kuma ga wani abu da suke aiki da shi a can. Sa'idu ya ce hutun zai je, abin kuwa ba ruwansa da shi. Da Innarmu ta ji, ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba a wannan halin, ni zan bi shi. Ta ba ni kwalbar man shanu in kai wa masu masaukinmu. Na ce Inna, ƙasar Fulani fa za mu, ta ce nasu daban nata daban.

Muka shiga motar Yola da sassafe. Tun kafin Kumo Sa'idu ya yi barci, baki buɗe, kansa a kafaɗar wani mai sayar da takalma. Mutumin ya so ya ture shi, na ce ya bar shi, zan saya masa abinci a hanya. Ni kuwa fitsari ya matsa min. Na tsayar da direba a Billiri, na tsayar da shi bayan Kaltungo, na sake tsayar da shi a Cham. A na huɗu ya dube ni ta madubi ya ce, Baba, tankin nan naka ya huje, in mun isa a kai shi wurin mai walda. Na ce ni ne mai waldar. Motar ta ɗauki dariya, har wata dattijuwa 'yar Waja ta ce a bar bawan Allah, zafi ne ke sa shi shan ruwa. Gaskiya kuma ruwan leda nawa na sha ban sani ba, maƙogwarona kamar an zuba yashi. Sa'idu bai farka ba sai a gadar Numan, inda muka ci soyayyen kifi da ya fi na Dadin Kowa girma amma bai kai shi daɗi ba.

A Jimeta muka kwana a wani masauki kusa da tasha, ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, fanka mai kukan tsohon janareto. Da safe muka kama hanyar Belel. Wannan hanya ita ta karya min baya. Inda mota ta gaza muka hau babura, kuma a wani gangare mai babur ɗina ya faɗa rami, jakata ta bugu da dutse. Ban duba ba sai a kan iyaka.

A ɓangarenmu wani jami'i ne zaune a rumfar kwano da babban littafi. Ya tambayi suna, ya tambayi inda za mu, ya tambayi sana'a. Na ce walda. Ya juya wurin Sa'idu, Sa'idu ya ce, "Kiwon kaji." Ina tsaye jami'in ya rubuta. Na tuna shekarun da na yi ina shaƙar hayaƙin ƙarfe don karatunsa, amma ba a tsinka ɗan'uwa a gaban bare.

A ɓangaren Kamaru kuwa boko ya ƙare. Jami'in ya zubo Faransanci, Sa'idu ya mayar masa da Turanci, suka tsaya suna kallon juna. Na ga fuskar mutumin, na gaishe shi da Fulatanci. Nan take ya saki fuska, ya tambayi mutanen Gombe, ya ce kakarsa ma daga wajenmu take. Sa'idu nasa Fulatancin ya tsere a makarantar kwana, sai ni na zama tafinta, mai aji biyar yana yi wa likita bayani. Da aka ce in buɗe jaka sai ga man Inna ya fashe, ya jiƙe min kaftanina na zuwa unguwa. Jami'in ya sunsuna ya ce man kirki ne, amma wa ya aike ni da shi Garwa? Har muka dawo warin man nan bai bar ni ba, kyanwar gidan Yerima ma a bakin ɗakina ta tare.

Muka bi ta Gashiga muka shiga Garwa bayan azahar. Dakta Yerima gajere ne mai tumbi da yawan dariya. Da suka haɗu da Sa'idu sai suka riƙa haɗa goshi, dama, hagu, dama, kamar raguna. Da ya nufo ni na miƙa masa hannu daga nesa. Ya kira ni Hamma tun daga ranar, ya ba ni ɗaki ni kaɗai.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba, sai dai karin safe. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi, ana ci da wake da gahawa. Tuwon masara suna yi da miyar yakuwa, su ce mata folere, da gasasshen kifi da ake kawo shi da kansa da idonsa yana kallonka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Sai ka ga mutum ya ja ƙofar shago ya tafi gida ya ci abinci ya miƙe. Na ce wa Yerima a Gombe in na yi haka, kafin in dawo mai aikin ya kai wa na gaba da ni. Ya ce a nan na gaba da kai ɗin ma yana barci.

Kwana biyu Sa'idu yana kwance, ya ƙi zuwa asibitin. A rana ta uku Yerima ya ce to ni in zo in gani. Sa'idu ya ji kunya a ce yayansa ya je shi yana kwance, ya biyo mu.

Asibitin ƙarami ne, layi kuma kamar namu. Muka zauna a gefe bayan an nemi izinin marasa lafiyar. Teburin Yerima ba fayil, sai waya a jingine da kwalbar ruwa. Wata tsohuwa ta shigo, ya gaishe ta tsaf, ya tambayi gida, ya tambayi jikoki, sannan ya ce mata wayar nan za ta saurara ta rubuta masa abin da suka yi, ta yarda? Ta ce in ba za ta kai wa surukarta ba ta yarda. Ya saurare ta yana kallonta. Can sai ya maimaita abin da ta faɗa da ƙarfi, da Fulatanci don ta ji, da Faransanci don wayar. Tsohuwar ta gyara masa, ta ce ba kwana uku ba, tun ranar kasuwa. Ya duba ta, ya faɗi abin da ya gani. Tana fita bayanin ya fito a rubuce, takardar inshora ma a cike. Gaisuwar da zancen surukar duk babu su a ciki. Ya karanta, ya goge layi ɗaya, ya sa hannu.

Ya ce sunan abin ƙirƙirarriyar basira. Ni na ce magatakarda ne kawai, kamar mai rubuta wa alƙali. Yerima ya ce haka ne, kuma magatakardan da ba a sakar masa. Wani lokaci yakan rubuta abin da ba a faɗa ba, Fulatanci bai iya sosai ba, Hausa ma yana tuntuɓe, shi ya sa ba ya sa hannu sai ya karanta. Ya ce magani shi ke yankewa, ba waya ba. Sa'idu ya taɓe baki ya ce duk wani sabon abu da aka kawo musu da sunan sauƙi, aiki ya ƙara musu. Ya ce ko kwamfutar ma haka aka ce.

Da aka tashi hutun rana Yerima ya ce ya gwada sau ɗaya, in bai yi ba a bar maganar, kuma ga Hamma nan ya zama marar lafiya. Na ce lafiyata ƙalau. Ya ce wasa ne, in ƙirƙiro ko ciwon wani ne. Aka zaunar da ni, Sa'idu ya hau kujerar likita. Hannunsa ya tafi aljihu ya zaro biro, ya jawo wata takarda. Yerima ya zare biron ya ɗauke takardar ya sa a aljihunsa. Sa'idu ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya rasa inda zai sa idonsa. Dole ya ɗora su a kaina.

Ku da kuka san mu kun san babba ba ya kai wa ƙanensa kukan jikinsa. Ni na goya yaron nan, ni na wanke masa kashi. Don haka na ce wani abokina ne a layin masu walda. Na ce yana yawan jin ƙishi, yana yawan fita fitsari, ga kasala, kuma tartsatsi ya ƙona shi a ƙafa wata biyu ke nan wurin ya ƙi warkewa, yana dai zuba masa man birki kamar yadda muke yi. Ina magana ina kallon bango.

Sa'idu bai tambaye ni sunan abokin ba. Ya dubi wuyan rigata yadda ya yi min yawa. Ya dubi leɓena. Ya sauke ido ƙasa, inda na sa safa a ƙafa ɗaya cikin wannan zafi na Garwa, ɗayar kuma ba komai.

"Hamma, cire safar nan."

Na ce ba ni ba ne, abokina ne.

"Na ji. Cire ta."

Na cire. Ni kaina na kwana biyu ban dubi wurin da kyau ba. Yerima ya daina dariya. Aka soki yatsana aka auna, Sa'idu ya ga abin da ya fito ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikina. Ya ce da an ƙara wata ɗaya ko biyu, da maganar yanke ƙafa ake yi. Ya durƙusa a ƙasa da kansa, ya hana nas ɗin Yerima taɓawa, ya wanke ciwon yana faɗa. Wai ina da likita a gida ina zuba man birki, me ya hana ni zuwa?

A nan na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na je. Bayan ƙaramar salla na je asibitinsu, Rifkatu ba ta nan, wani ma'aikaci da ya san ni ya shigar da ni. Na yi sallama na zauna a gabansa. Bai ɗago ba, ya ce me ke tafe da kai, yana danne-danne. Na jira ya gane muryata, bai gane ba. Na ce na yi ɓatan ɗaki ne, na tashi na fita.

Hannunsa ya tsaya a kan ƙafata. Yerima ya fita ya ja mana ƙofa, kuma abin da muka yi magana a kai bayan nan namu ne.

Da Yerima ya dawo ya nuna mana abin da magatakardan ya rubuta. Ya tsara komai daidai, ƙishi, fitsari, ƙuna, man birki, amma ya ce marar lafiyar ya zo ne a madadin abokinsa. Sa'idu ya yi dariya, karon farko a tafiyar, ya goge abokin ya sa sunana. Yerima ya ce masa, to ka gani, shi kunne gare shi, idon naka ne.

Kwana ukun da suka rage Sa'idu tare da Yerima yake fita. Ni an kafa min doka: ba suga a gahawa, burodin rabi, tuwo ɗan dunƙule. Matar Yerima ta tsare ni kamar ɗan sanda. Da yamma sai in ji su biyun suna gardama a kan yadda za a tsare sirrin marasa lafiya da abin da za a yi in layi ya yanke.

Ranar Alhamis Sa'idu ya kira shugaban asibitinsu a gabana. Ban taɓa jin Sa'idu ya yi magana haka da na gaba da shi ba. Ya ce zai dawo, amma da sharaɗi. A bar shi ya gwada abin nan a ɗakinsa, wanda ya yarda a yi da shi, wanda bai yarda ba a rubuta masa da hannu. Takardun inshora a nemo ma'aikacin da zai riƙa bin su. Kuma rana ɗaya a sati ba za a kira shi ba ko da wa aka kawo, a nemi wani. Aka ja, aka ja. Ina jin muryar shugaban yana cewa sauran likitoci ma za su nemi haka, Sa'idu ya ce su nema mana, ai gara su nema da su tafi. Daga ƙarshe shugaban ya ce ya zo ranar Litinin, shi da kansa zai zauna a ɗakin ya gani, in abin ya yi kuskuren da ba a kama ba an rufe maganar. Sa'idu ya ce ya yarda. Ya ajiye wayar ya ce yana jin yunwa, ya cinye nasa ya haɗa da rabin tuwon da aka hana ni.

Dawowa hanyar ba ta canza ba, ramukan suna nan inda muka bar su. Sai dai Sa'idu bai yi barci ba. Shi ya riƙe maganina, shi ya yi ciniki da mai mota a ba ni gaba don in miƙe ƙafa. A Kaltungo wani mai tsire ya kawo kai ta taga, na miƙa hannu, Sa'idu ya ce tsire babu laifi amma lemon kwalba na yi ban kwana da shi. Na ce yaro, ka fara yawa. Ya ce a gida ni ne babba, a kan ƙafar nan kuwa shi ne. Muka shigo Gombe ranar Lahadi da la'asar. Ya sauke ni a ƙofar gida ya ce gobe in zo a sake wanke ciwon, zai sa a shigar da ni ta baya.

Washegari ban bi ta baya ba. Na yi sammako na je na yanki kati da sunana, na zauna a benci cikin jama'a. Kusa da ni wani mai facin taya ne daga Manawashi, bai san ni ba. Layi yana tafiya, ba laifi, amma duk wanda ya shiga sai mu jiyo muryar Sa'idu ta ƙofa yana gaishe shi, ina kwana, ya gida, ya jikin, har wani tsoho ya tsaya ba shi labarin gonarsa. Mai facin ya yi tsaki ya ce wannan wane irin likita ne mai surutu, shi aiki ke jiransa.

Na ce masa ƙanena ne, ya gyara zama.